MOTOCI MASU JA DA ƘAFA HUƊU: BAMBANCINSU DA YADDA ZA KA ZAƁI MAI JURE HANYAR GONA

GABATARWA

Garin Miri yana gefen birnin Bauchi, a kan babbar hanyar da ta nufi Jos. Wanda ya tsaya a bakin kwalta zai ɗauka kai amfanin gona daga nan zuwa kasuwar Muda Lawal ba wani aiki ba ne. Sai dai yawancin gonaki ba a bakin kwalta suke ba. Tsakanin gona da titi akwai hanyar jar ƙasa, da yashin ƙorama, da gindin duwatsu inda ruwa ya zaizaye ƙasa, da kuma lakar fadama. Daga watan Mayu zuwa Oktoba, musamman a cikin Agusta lokacin da ruwa ya fi yawa, waɗannan 'yan kilomitoci su ne ke sa taki ya makara, kayan lambu su lalace a kwando, malamin gona kuma ya kasa kai wa ga manoman da ke jiransa.

Saboda haka ne ƙungiyoyin manoma da masu manyan gonaki suke sha'awar mallakar mota mai ja da ƙafa huɗu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar cewa duk motar da aka rubuta wa 4WD ko AWD a bayanta iri ɗaya ce. Ba haka abin yake ba. Akwai tsari daban-daban, kowanne da ƙasar da ya dace da ita, kowanne kuma da abin da ke kashe shi. Wannan darasi zai taimake ka ka san:

1. Yadda ƙarfin inji yake kai wa ga ƙasa.
2. Bambancin da ke tsakanin tsare-tsaren ja da ƙafa huɗu.
3. Abubuwan da ke sa mota ta daɗe tana aiki a hanyar gona.
4. Abin da za ka duba kafin ka ba da kuɗinka.

TAƘAITACCEN TARIHI

Tun asali manomi na cikin waɗanda aka ƙera wa irin wannan mota. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a shekarar 1945, kamfanin Willys na Amurka ya fitar da jif ta farar hula, ya kuma tallata ta ga manoma. A shekarar 1948 kamfanin Rover na Ingila ya fitar da Land Rover, wadda aka yi ta yadda za ta iya jan kayan noma ta kuma juya injunan gona. A Japan, motar da daga baya aka sa wa suna Toyota Land Cruiser ta fito a 1951. Toyota Hilux ta fito a 1968, amma sai a 1979 aka fara yin mai ja da ƙafa huɗu. A nan Bauchi ma, tun ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr ya kafa masana'antar haɗa taraktoci da manyan motoci, shi ya sa tsofaffin makanikai a garin suka san aikin manyan giyoyi da aksil.

YADDA ƘARFIN INJI YAKE KAI WA GA ƘASA

Ƙarfin inji yana fita ta kuloci zuwa giya, daga giya ya bi ta doguwar sandar ƙarfe da ake kira furofela zuwa aksil. A tsakiyar aksil akwai wata tukunyar ƙarfe mai haƙora a ciki, wadda makanikai ke kira difarensha. Ita ce ke raba ƙarfi tsakanin tayar dama da ta hagu.

Dalilin sanya ta shi ne, idan mota ta sha kwana, tayar da ke waje tana yin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. Idan tsakanin tayoyin biyu akwai mita ɗaya da rabi, motar kuma ta yi cikakken zagaye guda, tayar waje za ta fi ta ciki tafiya da sama da mita 9. Haka nan tayoyin gaba sun fi na baya tafiya a cikin kwana. Difarensha ce ke bari kowace taya ta juya gwargwadon tafiyarta.

Amma tana da aibu guda. Idan taya ɗaya ta faɗa cikin santsi, ko ta ɗaga sama ba ta taɓa ƙasa, to ita ce za ta yi ta wulwulawa, wadda ke kan busasshiyar ƙasa kuwa ta tsaya cik. Wannan shi ne abin da kake gani idan akori-kura ta kafe a laka: taya ɗaya tana fesa taɓo, ɗaya ba ta motsi. Duk tsare-tsaren da za mu bayyana a ƙasa hanyoyi ne na magance wannan matsala.

KASHE-KASHEN TSARIN JA

1. Mai ja da ƙafa biyu

Wannan ita ce kamar tsohuwar akori-kura Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da yawancin Hilux da ake gani a tasha. Tayoyin baya kaɗai ke ja. Ba ta da tsadar gyara, ba ta shan mai da yawa. Da rani, idan tana da tayoyi masu kyau da ɗan nauyi a baya, tana shiga wurare da dama. Rauninta shi ne laka da yashi mai zurfi.

2. Mai ja da huɗu sai an saka

Wannan shi ne tsarin da ke jikin yawancin Hilux masu ja da huɗu, da Land Cruiser samfurin 70 da aka fara yi a 1984, da sauran akori-kura irinsu. A bayan giya akwai wani akwati na rabon ƙarfi, mai furofela biyu, ɗaya zuwa gaba ɗaya zuwa baya. Ana sarrafa shi da ƙaramar sanda kusa da ta giya, ko da maɓalli a sababbin motoci. Direbobi suna kiran sa ogzilari. Alamominsa su ne:

2H: tayoyin baya kaɗai ke ja. Wannan na kwalta ne da busasshiyar hanya.
4H: tayoyi huɗu na ja da gudu na yau da kullum. Na burji mai santsi ne da yashi.
4L: tayoyi huɗu na ja da ƙaramar giya. Na laka ne, da hawan dutse, da gangara, da jan kaya mai nauyi.

Abin lura: a wannan tsari babu difarensha tsakanin gaba da baya. Da zarar ka saka 4H ko 4L, aksil na gaba da na baya sun ɗaure, dole su juya daidai da juna. A kan laka ko yashi babu laifi, domin tayoyi suna ɗan zamewa su sauke nauyin. A kan kwalta kuwa babu inda za su zame, sai ƙarafa su riƙa murɗa juna. Alamar haka ita ce sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle a kwana, sandar ogzilari ta ƙi fita. Idan aka ci gaba, tayoyi su cinye, kuros na furofela ya karye, ko akwatin rabon ƙarfi ya lalace. Direban da ya fito daga gona a Miri ya hau titin Jos bai cire ogzilari ba, shi ne ke kashe motarsa da hannunsa.

Wasu daga cikin waɗannan motoci suna da makulli a tsakiyar tayoyin gaba, wanda ake murɗawa da hannu, an rubuta FREE da LOCK a jikinsa. Idan ba ka murɗa duka biyun zuwa LOCK ba, ko ka saka ogzilari tayoyin gaba ba za su ja ba. Ka murɗa su tun kana kan busasshiyar ƙasa, kada ka bari sai ka kafe.

3. Mai ja da huɗu kullum

A nan an sanya difarensha ta uku a tsakiya, tsakanin gaba da baya, don haka tayoyi huɗu suna ja a kowane lokaci, har a kan kwalta, ba tare da murɗa juna ba. Range Rover ta zo da wannan tsari a 1970, haka nan Land Rover Defender da manyan Land Cruiser da dama. Tana da daɗin tuƙi a hanyar da ke sauyawa daga kwalta zuwa burji zuwa santsi. Amma ka sani, idan ba a kulle difarensha ta tsakiya ba, taya ɗaya tak da ta faɗa cikin santsi tana iya tsayar da motar. Shi ya sa ake sanya mata makulli. Ka kulle shi kafin ka shiga laka, ka buɗe shi kafin ka hau kwalta. Wannan tsari ya fi yawan ƙarafa masu juyawa, ya fi shan mai, ya kuma fi tsadar gyara. Kamfanin Mitsubishi ya haɗa tsarin nan biyu wuri guda a motar Pajero tun 1991, inda direba ke iya zaɓar ja da biyu, ko ja da huɗu a buɗe, ko a kulle.

4. Mai saka kanta

Yawancin ƙananan jif-jif 'yan Kwatano da ake gani a gari, masu alamar AWD, suna cikin wannan rukuni. Galibi tayoyin gaba ne ke ja, sai motar ta ji suna zamewa sannan ta tura wani kaso na ƙarfi zuwa baya ta hanyar wani kuloci da mai ko kwamfuta ke sarrafawa. An yi su ne domin titi mai santsi da ƙanƙarar ƙasashen Turai da Amurka. Mafi yawansu ba su da ƙaramar giya, cikinsu kuma yana kusa da ƙasa. Idan aka daɗe ana fama da su a cikin laka, kulocin yakan yi zafi ya saki. Suna iya kai malamin gona ƙauye ta hanyar burji, amma ba motocin ɗaukar buhuna daga fadama ba ne.

ƘARAMAR GIYA DA MAKULLIN AKSIL

Abu biyu ne ke raba motar aiki da motar ado. Na farko ƙaramar giya, wato 4L. Tana rage gudun mota ta ninka ƙarfin jan ta sau biyu zuwa uku. Amfaninta shi ne mota ta yi tafiyar hawainiya da kaya a kanta ba tare da an ƙona kuloci ba, a gangara kuma inji ya riƙe ta ba sai an danne burki ba. Kafin ka saka ta, ka tsayar da motar, ka taka kuloci, ko ka mayar da giya furi idan mai sauya giya da kanta ce.

Na biyu makullin difarensha na aksil. Ko an saka 4L, idan tayar gaba ɗaya da tayar baya ɗaya suka rasa abin kamawa a lokaci guda, kamar yadda yake faruwa wajen tsallake kwazazzabo a karkace, motar za ta tsaya. Makullin aksil yana tilasta wa tayar dama da ta hagu su juya tare. Ana saka shi ne a tafiya miƙe kuma a hankali, a cire shi da zarar an fita. Sababbin motoci da yawa suna amfani da kwamfuta ta kama burkin tayar da ke wulwulawa a maimakon makulli. Wannan yana aiki, amma ya dogara da wayoyi da ƙananan na'urori a gindin tayoyi, waɗanda laka da ruwa da karan dawa sukan lalata.

TARAKTA

Ita ma tarakta akwai mai ja da ƙafa biyu, mai ƙananan tayoyi a gaba, akwai kuma mai ja da huɗu, wadda tayoyin gabanta ke da manyan haƙora irin na baya. A gonar tudu mai jigawa, mai ja da biyu ta wadatar. A fadamar shinkafa da ƙasa mai danƙo, mai ja da huɗu ta fi jan garma da haro, ta kuma fi rage ɓarnar mai. Dokar ɗaya ce da ta mota: a cire jan gaba idan an hau kwalta. Yawancin taraktoci suna da makullin difarensha da ake takawa da diddige. Kada a sha kwana alhali yana kulle.

Malamin gona zai iya auna ko tayoyin tarakta suna zamewa fiye da kima ta wannan hanya:

1. A yi alama da alli a jikin tayar baya.
2. A tuƙa taraktar garma a ɗage, a auna nisan da ta yi a juyi goma na tayar.
3. A sauke garma cikin ƙasa, a sake auna nisan juyi goma.
4. A cire na biyu daga na farko, a raba da na farko, a ninka sau ɗari.

Misali, idan na farko mita 40 ne na biyu kuma mita 34, bambancin mita 6 ne, wato kashi 15 cikin ɗari. Ana son zamewar ta tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15 ga mai ja da biyu, ta ɗan yi ƙasa da haka ga mai ja da huɗu. Idan ta wuce, a ƙara wa tayoyi nauyi, ko a rage zurfin garma, ko a jira ƙasa ta sha iska.

BABUR MAI ƘAFA HUƊU

Akwai wata ƙaramar na'ura da ake hawa kamar babur, mai tayoyi masu faɗi da laushi, wadda ake amfani da ita a manyan gonaki wajen zagaya fili, feshi da jan ƙaramar tirela. Kamfanin Honda ya fitar da mai ƙafa uku a 1970. Suzuki ya fitar da mai ƙafa huɗu a 1982, sannan Honda ya kawo mai ja da duka huɗun a 1986. Saboda yawan kifewa da asarar rayuka, an daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka a 1988.

Ita ma iri-iri ce. Akwai mai ja da baya kaɗai, akwai mai maɓallin saka jan gaba, akwai mai saka kanta. Ta wajen giya kuma, da yawa suna amfani da bel na roba, wasu kuma haƙoran ƙarfe. Mai bel tana da sauƙin tuƙi, amma idan ruwa ya shiga gidan bel ɗin sai ya riƙa zamewa, idan kuma aka ja kaya mai nauyi da babbar giya sai ya ƙone. Tayoyinta iska kaɗan suke ɗauka, ƙasa ƙwarai da ta mota, don haka kada a bari mai faci ya cika su da gejin mota.

Wanda ya samu irinta ya kiyaye: hular kwano dole ce; kada a ɗauki fasinja a kan wadda aka yi domin mutum ɗaya; kada a ba yaron da bai kai shekara 16 ba babba; kada a hau kwalta da ita; kada a ratsa gefen tudu a karkace. Babbar matsalarta a ƙasarmu ita ce ƙarancin kayan gyara. Kafin ka saya, ka tabbatar da inda za ka sami bel, robobin shaf da tayoyinta.

ME KE SA MOTA TA JURE?

Sunan kamfani kaɗai ba ya tabbatar da juriya. Abubuwa huɗu ne ke tabbatar da ita.

Na farko, sauƙin ƙira. Abin da ake sakawa da sandar ƙarfe ko a murɗa da hannu ya fi wuyar lalacewa a kan wanda ke jiran waya da ƙaramin injin lantarki, idan ma ya lalace kowane makanike zai gane. Haka nan tsofaffin injunan gas, wato dizal, kamar injin Toyota 1HZ mai lita 4.2 da aka fara yi a 1990, sun fi haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai. Sababbin injunan gas sun fi ƙarfi da tattalin mai, amma ruwa ko datti kaɗan a cikin mai yana iya lalata famfo da nozul ɗinsu, gyaran kuwa mai tsada ne.

Na biyu, kayan gyara da makanike. Motar da za a sami kayanta a cikin Bauchi, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a kawo washegari, ta fi wadda sai an jira daga ƙasar waje. Mako biyu na jiran ƙarfe ɗaya a lokacin zuba taki ya isa ya rage amfanin shekara.

Na uku, lodi daidai kima. Akori-kura irin Hilux tana ɗaukar kimanin tan ɗaya ko ƙasa da haka, har da nauyin direba da mutanen da ke ciki. Wato bai kamata ta wuce buhun masara takwas ko tara mai kilo 100 ba, ko buhun taki goma sha shida zuwa sha takwas mai kilo 50. Jan ƙafa huɗu ba ya ƙara wa sifirin da aksil ƙarfi. Zuwa biyu ya fi karyewar aksil a tsakiyar ƙorama.

Na huɗu, direba. Yawancin ɓarnar da ake ɗora wa mota ta direba ce.

KULAWA

1. Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, iri ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. Taya mai faɗin santimita 75 daga gefe zuwa gefe tana juyi 424 a kilomita ɗaya, mai santimita 73 kuwa juyi 436. Wannan bambanci na juyi 12 a kowace kilomita ƙarafan cikin mota ne ke shanye shi.
2. Bayan man inji da na giya, a duba man akwatin rabon ƙarfi da na difarensha ta gaba da ta baya. A zuba irin man da littafin motar ya ce.
3. Duk lokacin da ruwa ya kai aksil, a buɗe a duba mai. Aksil mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta sil ko ta kafar numfashinsa. Idan man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, a zubar a sake nan take.
4. A sa giris a kuros na furofela a kai a kai, musamman da damina.
5. A duba robobin shaf na gaba. Idan ɗaya ta yage, yashi zai shiga ya cinye ƙarfen cikin ɗan lokaci.
6. Ko da rani, a saka jan huɗu a hanyar ƙasa sau ɗaya a wata. Littattafan wasu motocin Toyota sun ba da shawarar a yi kilomita 16 a haka kowane wata, domin mai ya zagaya sassan gaba.
7. A wanke laka daga ƙarƙashin mota da lagireto, a cire ciyawar da ta naɗe furofela ko ta taru kusa da salansa, domin tana iya kama wuta.
8. Lokacin hunturu a riƙa kaɗe matatar iska akai-akai.

TUƘI A HANYAR GONA

Rigakafi ya fi magani. Ka saka jan huɗu kafin wuri mai wuya. Idan ba ka san wuri ba, ka sauka ka taka shi da ƙafa, ka soka sanda ka ji zurfin laka.

A cikin laka, ka yi amfani da 4L da giya ta biyu ko ta uku, ka riƙe totur daidai wa daida. Idan tayoyi suka fara wulwulawa mota ba ta gaba, ka saki totur nan da nan, domin ci gaba haƙa rami ne kawai. Ka gwada ribas ta sawun da ka shigo. A cikin yashi, rage iskar tayoyi da kamar kashi ɗaya cikin uku yana taimakawa, amma sai ka mayar da ita kafin ka yi gudu a kwalta. A gangara, ka sauka miƙe da 4L da giya ta ɗaya, kada ka taka kuloci.

Ƙorama mai gudu ita ce mafi haɗari. Ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 60 yana iya tafiya da jif ko akori-kura. Idan mutum ba zai iya tsallakewa da ƙafa ba, mota ma kada ta shiga. Ruwan ƙoramun gindin dutse yakan janye bayan 'yan sa'o'i, jira ya fi. Ka kuma tuna cewa jan ƙafa huɗu yana taimaka wa mota ta tashi ne, ba ya rage nisan da za ta yi kafin burki ya tsayar da ita.

Idan ogzilari ya ƙi fita bayan ka fito, kada ka doke shi da ƙarfi. Ka yi ribas miƙe na 'yan mitoci a kan ƙasa, zai saki. Kada a rasa shebur, jak, katako mai kauri, igiyar ja mai ƙarfi da famfon iska a cikin motar. Wajen jan motar da ta kafe, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi domin haka, mutane kuma su matsa nesa.

KAFIN KA SAYI TA HANNU

Araha ba ta ado. Ka tafi da makaniken da ka amince da shi, ku yi waɗannan:

1. Ku leƙa ƙarƙashi ku tabbatar furofelar gaba tana nan. Akan cire ta a ɓoye lalacewar jan gaba.
2. Ku kai motar kan yashi ko burji, ku saka 4H, wani ya tsaya a gefe ya ga ko tayoyin gaba suna ja.
3. Ku saka 4L. Dole gudun ya ragu ƙwarai, kada kuma sandar ta fita da kanta.
4. Ku karya sitiyari gaba ɗaya ku yi tafiya a hankali. Ƙarar ƙas-ƙas daga gaba alamar shaf ya mutu ce.
5. Ku buɗe man kowace difarensha ku duba launinsa da ko akwai garin ƙarfe.
6. Ku duba yoyon mai a gindin tayoyi, da tsatsa ko walda a jikin shasi.
7. Ku kunna makulli ku ga dukkan fitilun gargaɗi sun kama sannan sun mutu bayan inji ya tashi.

SHAWARA GA ƘUNGIYAR MANOMA

A ɗauka wata ƙungiya a yankin Miri ta tara kuɗi tana son abin sufuri. Malamin gona ya zauna da su su amsa tambayoyi uku. Wata nawa a shekara hanyar ke gagarar mota mai ja da biyu? Wane kaya za a ɗauka, kuma nawa ne nauyinsa? Wa zai tuƙa, wa zai gyara?

Idan wurin da ke hana wucewa guda ɗaya ne ko biyu, aikin gayya na zuba duwatsu da marmara da buɗe wa ruwa hanya ya fi sayen mota mai tsada araha. Idan nisan daga gona zuwa titi kaɗan ne, amalanke da shanu ko babur su fito da kaya bakin kwalta, akori-kura mai ja da biyu ta ƙarasa da su kasuwa. Idan kuwa hanyar doguwa ce, kayan masu nauyi, kuma dole a shiga da damina, abin da ya fi dacewa shi ne akori-kura mai ja da huɗu sai an saka, mai ƙaramar giya, wadda ake samun kayanta a kusa. Ƙungiyar ta ware wani kaso na kuɗin haya domin gyara, ta ajiye littafin rubuta ranar sauya mai, ta kuma tsayar da direba ɗaya.

KAMMALAWA

Motar da ta fi juriya ita ce wadda tsarinta ya dace da hanyarka, wadda makaniken garinku ya san ta, direbanta kuma ya san lokacin saka ogzilari da lokacin cire shi. Ka san irin tsarin da ke jikin motarka, ka karanta littafinta ko ka sa a karanta maka, kada ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne aikin difarensha, kuma mene ne aibunta a cikin laka?
2. Me ya sa ba a hawa kwalta da 4H a motar da ake saka wa jan huɗu?
3. Tarakta ta yi mita 45 garma a ɗage, ta yi mita 36 garma a ƙasa. Kashi nawa take zamewa, kuma me ya kamata a yi?
4. Kawo abubuwa huɗu da za ka duba kafin sayen mota ta hannu.

Domin ƙarin bayani, sai a tuntuɓi malamin gona mafi kusa, ko sashen injiniyoyi na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Bauchi.